Yarinyar da Ta Daina Cewa Amin

Ku da kuke cika min waya da saƙo kuna cewa, "Auta, me kike jira ne, ki amsa wa bawan Allah mana," yau ku gyara zama ku ji abin da ya riƙe ni. Ba yanga nake yi ba, ba kuma jan aji ba. Yara biyu ne.

Ga wanda yau ya fara cin karo da labarina: ni ce auta a gidanmu, sunan ya bi ni har coci, har wurin aiki. Mu biyu kaɗai Mama ta haifa, ni da Yaya. Bara Yaya ta rasu bayan doguwar jinya, ta bar 'ya'ya biyu. Babbar muna ce mata Lauya, don tun tana koyon magana ba ka gaya mata abu ta ce to, sai dai ta karkata kai ta ce, "Saboda me?" Tana aji uku yanzu. Ƙaramin kuwa Ƙato. An haife shi ɗan mitsitsi kamar kwalbar turare, babansa ya ɗaga shi a tafin hannu ya ce, "Ku zo ku ga ƙato!" Aka yi dariya, suna ya zauna.

Bayan an binne Yaya, Baban Lauya ya kawo min su da jaka ɗaya, idanunsa jajur, ya ce, "Auta, riƙe min su na kwana biyu, in dawo hayyacina." Kwana biyun nan har yau ba su ƙare ba. Ɗaki da falo nake haya. Katifarsu tana jingine bayan ƙofa da rana, takalmansu sun mamaye kwandon da nake zuba nawa, ƙasan bangon falo kuwa duk zanen fensirin Ƙato ne, wai motoci. A saman firij akwai hoton Yaya cikin shuɗiyar rigar mawaƙan coci, bakinta a buɗe, an ɗauke ta tana tsakiyar waƙa.

Wata rana da la'asar a asibiti, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce min, "Auta, abinci kowa zai ba su. Makaranta ma babansu ba zai gaza ba. Ke dai ki koya musu yin magana da Ubangiji. Ba haddar kalmomi nake nufi ba. Su saba da shi, yadda in abu ya same su za su san inda za su nufa."

Na ce, "Yaya, ke za ki tashi ki koya musu da kanki."

Ta yi murmushi kawai, ta ce in ƙara mata filo.

To, na ɗauka. Kullum da safe kafin su tafi makaranta muna durƙusawa gaban doguwar kujera, ni a tsakiya. Na ce musu kowa ya faɗi abin da ke ransa, ba sai ya yi kyau ba. Ƙato bai taɓa ba ni wahala ba. Zai runtse ido har fuskarsa ta yamutse, ya haɗa hannu, ya fara: "Yesu, ina kwana. Na gode da burodi. Ka warkar da kyanwar maƙwabta, ƙafarta ta kumbura. Ka sa Anti kar ta dafa wake yau. Ka gaida Mami." Sai ya buɗe ido ɗaya ya leƙo ni, ya ga ko na ji zancen waken, sannan ya ce Amin da ƙarfi kamar mai kiran ɗan acaɓa.

Lauya kuwa za ta durƙusa, don ba ta da rashin kunya. Amma idonta a buɗe, tana kallon ɗinkin kujera. In na ce, "Lauya, saura ke," sai ta ce, "Ba ni da abin faɗa." In na rufe addu'a a cikin sunan Yesu, muryoyi biyu ne ke amsawa, tawa da ta Ƙato. Yarinyar da a da ita ke jan waƙa a makarantar Lahadi, ita ke gyara wa yara kalmomi, tun ranar da aka binne uwarta ba wanda ya sake jin Amin a bakinta.

Malamarsu ta makarantar Lahadi ta tare ni a bakin ƙofar coci ta gaya min. Mama ta ce taurin kai ne irin na dangin ubanta, in samo tsumagiya. Matar fasto ta riƙe hannuna ta ce, "Ki bar ta. Ke dai kada ki fasa durƙusawa kusa da ita." Na bi ta matar fasto. Amma in gaya muku gaskiya, akwai safiyar da nake tashi daga gaban kujerar nan ina jin kamar na ci amanar Yaya.

Yanzu bari in zo kan wanda kuke ta tambaya.

A shagon magani nake aiki, ina bayan kanta daga safe zuwa yamma, cikin farar riga mai aljihu biyu da ƙamshin sirop na tari. Shi kuma injiniya ne na kamfanin waya, masu hawa dogayen ƙarafunan nan. Ya fara zuwa sayen maganin ciwon kai. Washegari ya dawo. Jibi ma haka. Ranar da na gaji na ce, "Malam, wannan kan naka asibiti yake so, ba shago ba," sai ya sunkuyar da kai yana dariya ya ce, "Magungunan suna nan a mota, ko ɗaya ban sha ba." Abokiyar aikina ta shige bayan kwalaye tana ƙyaƙyatawa. Da ya karɓi lambata, na ajiye tasa da suna Ciwon Kai, har yau ban canja ba.

Mutumin kirki ne, kada ku ce na ɓoye. Cocinsu daban da namu, amma yakan zo namu ya zauna a bencin baya. Shi ya gyara wa Ƙato motar roba da ƙafarta ta cire. Lauya ta yi masa tambayoyi kamar a kotu, ya amsa duka bai gaji ba. Ina son sa. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, don ban taɓa faɗa a fili haka ba. Ina son sa ƙwarai.

Sai kamfaninsu ya yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Yana so a ɗaura aure kafin ya tafi, mu tafi tare. Mahaifiyarsa ta yarda da ni, amma da sharaɗi: amarya ita kaɗai za ta shiga gidan ɗanta. Yara suna da uba.

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, ina wanke kayan makarantarsu a baho, sai ga Mama da Kawu, yayanta. Mama ta sha atamfarta mai ruwan goro wadda ba ta sa wa sai magana mai nauyi, ɗaurin ɗankwalin nan ya sauko har gira. Kawu ya zauna a kujera ya ɗora hularsa a gwiwa. Na kawo musu ruwa, na tura yaran tsakar gida.

Kawu ya yi gyaran murya. "Auta, mutanen nan sun sake aikowa. Suna jiran amsa."

"Kawu, na ce a ba ni lokaci."

Mama ta ce, "Lokacin me? Shekarunki nawa yanzu? Sa'o'inki duk suna ɗakunansu. Na rasa ɗaya, so kike in zuba ido ɗayar ta tsufa a bayan kanta tana ƙirga ƙwayoyi?"

"Mama, yaran fa?"

"Ubansu ya ce zai karɓe su. Jiya Kawunki ya je ya same shi."

Ban san an je ba.

Ku fahimce ni, Baban Lauya ba mugu ba ne. Mai walda ne, yana da shagonsa, bai taɓa barin yaran nan da yunwa ko tsumma ba. A da shi ke kaɗa ganga a coci, Yaya tana waƙa, a nan ma suka haɗu. Amma tun rasuwarta bai sake taka ƙofar coci ba. Gangar ma ya bayar. Fasto ya je shagonsa har ya gaji, yana ganinsa sai ya sauke gilashin walda a fuska ya kunna wuta.

Na ce, "Kawu, ka tambaye shi zancen coci? Zancen addu'a?"

Kawu ya juya hularsa. "Na tambaya. Ya ce ba zai hana su ba. Amma kada a sa ran shi zai kai su, ko ya durƙusa da su. Ya ce ba zai koya wa 'ya'yansa abin da shi kansa ya daina yarda da shi ba."

"To ka ji."

Mama ta fashe da kuka. "Ni da ƙafafun nan nawa zan iya da su ne? Da na ɗauka. Auta, 'yar'uwarki ba ta ce ki kashe rayuwarki ba. Allah ai ba a gidanki kaɗai yake ba, zai bi su can."

Maganarta akwai gaskiya a ciki. Na tsaya ina murza kumfar sabulun da ta bushe a hannuna. Da na ɗaga kai, sai na ga inuwa a ƙasan labulen ƙofa, da 'yan yatsun ƙafa cikin silifas ruwan hoda. Kafin in yi magana, inuwar ta gushe.

Suna fita wayata ta yi ƙara.

Ciwon Kai: Su Mama sun zo?

Ni: Sun zo, sun tafi.

Ciwon Kai: Na sake yi wa tsohuwa magana jiya. Ta ce in na kawo 'ya'yan wani gidana, kada in sake kiranta uwa.

Ciwon Kai: Ban ce na haƙura ba. Ina dai gaya miki inda aka tsaya.

Ciwon Kai: Auta, ki ce wani abu mana.

Na rubuta, "Ina son ka, amma," na tsaya ina kallon kalmomin. Na goge. Na kife wayar a kan firij kusa da hoton Yaya.

Da la'asar na kira Lauya in yi mata kitson coci. Na zauna a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna, ta ba ni baya. Ƙato yana can gindin famfo yana yi wa motarsa wanka. Na tsefe tsohon kitson, na shafa mai, na fara tsaga da tsinken mataji. Gashinta irin na Yaya ne sak, mai cika da taurin tsiya, sai ka yi da gaske.

Na kitse kusan rabin kai. Can sai ta ce, "Anti, tafiya za ki yi?"

"Wa ya gaya miki?"

"Na ji Kaka."

"Laɓe ba kyau, Lauya."

"Na sani. Tafiya za ki yi?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna. Ina ta roƙon Ubangiji ya nuna min. Ke ma da za ki taya ni roƙo, da na ji daɗi."

Sai na ji jikinta ya sandare a tsakanin gwiwoyina. Ta girgiza kai da ƙarfi har silin da nake kamawa ya kuɓuce.

"A'a. Ba zan sa sunanki ba."

"Saboda me?" Yau ni ce mai tambayar.

Ta kama bakin tabarma tana jan zare.

"Lauya, ni ce fa. Ba duka, ba faɗa."

Da ta buɗe baki, muryar ta fito ƙasa-ƙasa, kamar ba tata ba. "Ranar da kika kai mu asibiti, Mami tana ta juyi tana cije baki. Kika ce mu fita waje. Na tsaya a bayan ƙofa na yi addu'a. Na ce, Yesu, ka sa Mamina ta daina jin zafi. Washegari Kaka ta zo tana kuka, ta ce mana Mami ta huta, ta daina jin zafi."

Matajin ya faɗi daga hannuna.

"Ni na ce ya yi. Ban ce ya warkar da ita ba, mantawa na yi. Na faɗa ba daidai ba, shi kuma ya yi yadda na faɗa." Kafaɗunta suka fara rawa. "In na sake yi, zan iya kuskurewa. Sai ya ɗauki Ƙato. Ko ke."

Jama'a, shekara guda. Shekara guda yarinyar nan tana durƙusawa kusa da ni da wannan dutse a ƙirji, tana rufe bakinta don ta tsare mu, ni kuwa ina can ina tunanin fushi take da Allah, har ana ba ni shawarar tsumagiya.

Na juyo da ita, rabin kai a kitse rabi a tsefe, na rungume ta. Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, irin mai fitowa daga ciki, har tana shiɗewa. Ni ma na kasa riƙe nawa. Gaban rigata ya jiƙe sharkaf da hawaye da man kitso.

Da ta ɗan lafa, na ɗago fuskarta da hannu biyu.

"Ki saurare ni da kyau. Tun kafin ranar nan likita ya kira ni da babanki ya gaya mana ciwon ya fi ƙarfin magani. Mami ma ta sani. Ba bakinki ba ne."

"Amma na ce..."

"Kin ce. Ni ma na ce. Kaka ma ta ce. Mami da kanta, ina riƙe da hannunta, ta ce, Ubangiji, na gaji, ka sauƙaƙa min. Duk wanda ke son ta abin da ya roƙa ke nan." Na share mata hanci da bakin zanena. "Kuma shi ba lauya ba ne irinki, da zai zauna yana jiran ki yi tuntuɓen harshe ya kama ki. Uba ne. In Ƙato ya ce min, Anti ba ni wuta, alhali ruwa yake nufi, wuta zan ba shi?"

Ta girgiza kai.

"To ni ma ke nan, da ban kai komai ba. Yana jin abin da ke zuciyarki tun kafin bakinki ya lalubo kalmar."

Ta kalle ni da jajayen idanu. Na san kan nan yana aiki.

"To me ya sa bai warkar da ita ba?"

Na so in ba ta amsa mai kyau, irin ta masu wa'azi. Ba ni da ita. Na ce, "Ban sani ba, Lauya. Na tambaye shi har na gaji, bai gaya min ba tukuna. Wani lokaci ina jin haushi, in gaya masa ina jin haushi. Bai taɓa kora ta ba."

"Ana gaya masa haka?"

"Ana gaya masa komai."

Ƙato ya iso da motarsa tana ɗigar ruwa, ya dube ni, ya dubi yayarsa. Bai tambayi komai ba. Ya ajiye motar, ya durƙusa a tabarma ya runtse ido, don a saninsa in aka ga mutane sun haɗa kai suna kuka, to addu'a ake yi. Ya jira. Da ya ji shiru ya ce, "Wa zai fara?"

Ban ce kowa ba. Na dai rufe nawa idon.

Can na ji ta ja numfashi.

"Yesu," ta ce. Ta tsaya. "Ni ce." Ta sake tsayawa, har na ɗauka shi ke nan. "Na daɗe ban yi maka magana ba. Tsoro nake ji. Anti ta ce ba ni ba ce. In da gaske ne, ka sa in daina jin abin nan a ƙirjina." Muryar ta karye. "Kuma ina jin haushi. Anti ta ce in faɗa. Ka gaya wa Mami an kusa gama min kitso."

Ƙato ya ce Amin ɗinsa mai tsorata kaji. Na ce nawa. Sai na uku ya biyo baya, siriri, da ƙyar ya fito.

Na so a ce a nan labarin yau ya tsaya, in bar ku da daɗi a baki. Amma ba haka aka yi ba.

Na mayar da ita tsakanin ƙafafuna na ci gaba da kitso. Rana ta yi sanyi, maƙwabciya tana kwashe shanya. A raina ina lissafin abin da ba na so in lissafa: yau ta buɗe baki, bayan shekara. In na tafi, gobe da safe wa zai durƙusa kusa da ita? In wata tambayar ta taso mata a gidan da ba a ambaton sunan nan, wa za ta kai wa? In kuma na zauna, mutumin da ya ga ni da nauyina duka bai gudu ba, sai in tsaya a bakin shago in ga motarsa ta wuce.

Na aiki Ƙato ya ɗauko min wayata in duba lokaci. Yana miƙo min ta fara ruri a hannuna. Ciwon Kai. Na bar ta ta katse. Sai saƙo ya shigo: "Ina bakin layinku. Ba zan shigo ba sai kin ce in shigo. Amma yau ina so in ji daga bakinki."

Lauya ta iya karatu, kuma wayar tana daidai kafaɗarta. Ta karanta. Ba ta juyo ba.

"Anti."

"Na'am."

"Kin ce ana gaya masa komai."

"Haka ne."

"Kuma yana jin abin da ke zuciyar mutum."

"Yana ji."

Ta sa hannu ta riƙe babban yatsan ƙafata, kamar yadda take yi tana ƙarama in za a yi mata allura.

"To in na roƙe shi kada ki tafi, kuma ya ji, za ki ji haushina?"

Silin ƙarshe yana tsakanin yatsuna, ban ƙarasa shi ba. Wayar ta sake ɗaukar ruri a cinyata. Yarinyar da na shekara ina roƙon ta buɗe baki ta buɗe, tana jiran amsa, shi ma yana bakin layi yana jiran tasa.